Direba, A Tsaya Wa Iya Ta Kama Ruwa

Makon jiya na taso daga Kano zuwa Abuja a motar haya, irin Sharon ɗin nan. A kujerar tsakiya aka haɗa ni da wata dattijuwa da 'yarta. Tun a tasha na lura kowa ya sayi ruwan leda, ita ta ƙi. Na miƙa mata nawa, ta ce, "A'a 'yar nan, na gode, sai mun sauka." Ga rana tana dukan gilashi, ga leɓɓanta sun bushe har sun yi fari.

Ba mu kai Kwanar Ɗangora ba 'yar ta ce, "Direba don Allah a ɗan tsaya, Iya za ta kama ruwa." Ya tsaya. Muna dab da shiga Zariya ta sake roƙo, ya tsaya yana tsaki. Da muka wuce Kaduna aka yi na uku, sai ya ɗaga murya: "Haba Hajiya! Ni fa ba zan riƙa tsayuwa a dajin nan ba. A yi haƙuri sai Tafa." Wani matashi daga baya ya ce wai a riƙa barin tsofaffi a gida, wasu suka yi dariya. Iya ba ta ce uffan ba. Ina jin yadda take matse ƙafafu, ta kama bayan kujerar gaba ta riƙe gam, tana salati ƙasa-ƙasa.

Da muka isa Tafa kowa ya fita neman abinci, ita ta ƙi motsi. Sai da motar ta zama babu kowa sannan 'yar ta dube ni, idonta ya ciko da ƙwalla. Na gane. Na buɗe jaka na ciro zani, muka yi mata labule da mayafanmu ta canza. Tana ɗaura zanin ta ce, "Shekara shida ke nan rabona da gidan biki ko suna. Yau ma don jikata ce aka yi wa aiki wajen haihuwa, da ban fito ba."

Na tambayi 'yar ko an taɓa kai ta asibiti. Ta ce, "Asibiti kuma, Anti? Ai tsufa ne. Muna dai saya mata maganin sanyi."

Wannan amsar ta fi dariyar matashin nan ƙona mini rai, domin daga bakin mai ƙaunar Iya ta fito. Abin da nake gani shi ne: matsuwar fitsari irin wannan ciwo ce mai suna (a Turance, overactive bladder), likitoci sun san ta, kuma ana samun sauƙinta. Amma mu mun raba ta gida biyu, rabi mun ce tsufa, rabi mun ce sanyi, shi ya sa mai ita ba ya isa wurin da za a taimake shi. Kuma matakin farko na maganinta, wanda kusan ba ya cin ko kwabo, shi ne wanda ba a koya wa kowa.

Me ke faruwa a jikin?

Mafitsara jaka ce ta tsoka. Ta babban mutum tana ɗaukar abin da ya kai ruwan leda guda, wajen rabin lita. A mai lafiya, tana cika a hankali, ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ƙwaƙwalwa ta ce a jira, ita kuma ta jira. A mai wannan larura, jiran ne ya lalace. Da ɗan fitsari kaɗan ya taru sai matsuwa ta taso farat ɗaya, kamar mara za ta fashe, babu ja da baya. Wasu sukan kai bayi, wasu kuma yakan zubo a hanya.

A 2002 ƙungiyar ƙwararru ta duniya a wannan fanni ta tsayar da ma'anar larurar: matsuwa ta gaggawa, ko da zuba ko babu, galibi tare da yawan zagayawa da rana da tashi cikin dare, ba tare da an samu ƙwayar cuta ko wani dalili bayyananne ba. Likitoci sukan fara zargi idan mutum yana fitsari fiye da sau 8 a kwana guda.

Kuma ba ƙaramin adadi ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2006, wanda aka yi kan mutum sama da 19,000 a Kanada, Jamus, Italiya, Suwidin da Birtaniya, ya samu kusan kashi 12 cikin 100 na manya suna da alamominta. Na Amurka da aka fitar a 2003 ya samu wajen kashi 16, maza da mata kusan kunnen doki. Wato cikin sahu guda na masallaci da wuya a rasa mutum ɗaya ko biyu. Mafitsarar Bahaushe ba ta bambanta da ta Bature ba. Abin da ya bambanta shi ne mu ba ma faɗa.

"Ai tsufa ne"

Gaskiya ne larurar tana ƙaruwa da shekaru. Mace bayan ɗaukewar al'ada, ko wadda ta yi haihuwa da yawa, ta fi fuskantarta. Haka mai ƙiba, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon laka. Amma ai yanar ido ma tana zuwa da shekaru, mun taɓa cewa a bar tsoho ya makance tunda tsufa ne? Muna kai shi a yi masa aiki, ya dawo yana karanta Alƙur'aninsa. Hawan jini ma haka. Me ya sa sai a kan fitsari ne muke sallamawa?

Sannan akwai matasa da ke fama da ita. Akwai ɗaliba da ke zaɓar kujerar bakin ƙofa a ɗakin jarrabawa. Akwai malamar firamare da ba ta iya kai ƙarshen darasi. Akwai ɗan kasuwar da ke barin shago a hannun maƙwabci sau goma a yini. Su wa za su ce wa tsufa ne?

"Sanyi ne"

Wannan ya fi na farko ɓarna. A wurinmu duk abin da ya shafi mara sunansa sanyi: ƙaiƙayi sanyi, zafin fitsari sanyi, ciwon baya sanyi, rashin haihuwa ma sanyi. Mace za ta je kemis ta ce tana yawan fitsari, a ƙirgo mata kafso na kwana biyar. Ba ta ji sauƙi ba, a canza wani. Daga nan sai masu lasifika a bakin kasuwa da jarkokin jiƙe-jiƙe. Shekara ta zagayo, kuɗi sun tafi, ciki ya ɓaci, matsuwa tana nan inda take, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da abin kashewa a mafitsarar da babu cuta a cikinta. Ribar da aka ci ita ce ƙwayoyin cutar jikinta sun saba da maganin, ran da ciwon gaske ya zo sai ya ƙi ji.

Ba ina cewa kowace yawan fitsari wannan larurar ce ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin zuwa asibiti ke nan. Ciwon suga yana sa yawan fitsari da ƙishirwa. Kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana sa dattijo tashi cikin dare, ga fitsarin ba ya fita da ƙarfi. Wasu ƙwayoyin hawan jini aikinsu ke nan, su fitar da ruwa. Tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka a kududdufai da madatsun ruwa, tana taɓa mafitsara. Taurin bahaya ma yana danne ta. Gwajin fitsari da na suga, da 'yan tambayoyi, sun isa su ware mafi yawan waɗannan. Wanda kuwa ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne kuma babu zafi, kada ya tsaya sauraron kowa, ya nufi asibiti.

Akwai wani tsoro kuma na mata. A Arewa mun san yoyon fitsari, mun san abin da matan da ake kaiwa Babbar Ruga a Katsina suka sha na ƙyama da saki kafin a yi musu aiki. To macen da fitsari ke kuɓuce mata lokaci-lokaci tana gudun kada a liƙa mata wannan suna, sai ta haɗiye maganarta. Alhali abubuwa biyu ne daban. Yoyon fitsari huda ce, galibi daga doguwar naƙuda, fitsarin yana tsiyaya dare da rana. Wannan kuwa babu huda, tsokar ce da jijiyoyinta suka rasa haƙuri.

"To ai ba ya kisa"

Na ji wannan daga bakin masu ilimi ma. Suna cewa ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa, yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, wa ke da lokacin mai yawan zagayawa? Na yarda akwai abin da ya fi wani gaggawa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina da baffa, mutumin da tun muna yara ba a raba shi da sahun farko. Ranar Juma'a tun hantsi yake tafiya da dardumarsa. Shekarun baya sai muka ga ya koma tafiya a makare, yana tsayawa can waje kusa da wurin alwala. Mutane suka fara 'yan maganganu, wai Malam ya yi sanyi da ibada. Matarsa ce ta gaya wa mahaifiyata gaskiya, tana kuka. Ta ce ba ya iya zama har a gama huɗuba. Ta ce da azumi ya bar tarawih a jam'i, tahajjud kuwa ko maganarta ba a yi. Cikin dare yana tashi sau biyar, sau shida, ya ɗauki buta da tocila. Wata rana da damina santsi ya kwashe shi a tsakar gida, ya kwana biyu ba ya taka ƙafar. Da aka ba shi kujerar Makka sai ya ce a ba ƙaninsa, shi ba ya jin ƙarfi. Ƙarfi yana da shi. Tunanin ɗawafi da tsayuwar Arfa da layin bayi a Mina ne ya karya masa gwiwa.

Wannan duk ba a rubuta shi a takardar mutuwa. Amma a ƙirga abin da ya tafi: barci, jam'i, zumunci, mutunci. Tsohon da ke tashi cikin duhu da sauri yana iya faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Macen da ke tsoron wari tana ƙaurace wa shimfiɗar mijinta ba tare da ta faɗi dalili ba, shi kuma ya fassara yadda ya ga dama. Ga kuɗin sabulu, ga na turare, ga famfas na manya ga mai hali. Marar hali sai tsumma, sai kurji da saɓar fata.

Sai kuma dabarar da kusan kowa ke yi, wadda Iya ta yi a mota: ƙin shan ruwa. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki fitsari yakan yi kauri, ya ƙara tsokanar mafitsara, bahaya ya yi tauri, ga haɗarin tsakuwar ƙoda. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, tsohuwa ta wuni ba ruwa, wannan kam yana iya kisa.

Addini bai bar waɗannan bayin Allah a cikin ƙunci ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya ji hukuncin salasul bauli, wato kuɓucewar fitsari. A Risala an ce an so mai wannan larura ya yi alwala ga kowace salla, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin sauƙin da ke kansa gwargwadon yawan zubar. Akwai kuma hadisin Nana A'isha a Sahihu Muslim da ya hana salla alhali mutum yana fama da matsuwar fitsari ko bahaya. Roƙona ga malamai ɗaya ne: idan an zo da tambayar, bayan an ba da fatawa a ƙara da cewa, "Ka je asibiti, ana maganinsa." Mutane da yawa malami suke fara gaya wa kafin likita. Baffana ma haka ya yi, ya samu fatawa ya riƙe, ya ƙara shekara uku cikin wahala.

"Mun je asibitin, ba mu ga daidai ba"

Wannan ƙorafin yana da tushe, ba zan ɓoye ba. Maganin larurar yana da wuyar sha'ani ko a ƙasashen da suka ci gaba.

Ƙwayoyin da aka fi bayarwa, irin su oxybutynin da tolterodine da solifenacin, suna kwantar da tsokar mafitsara, amma ba ita kaɗai suke taɓawa ba. Suna busar da baki, suna taurara bahaya, wani ya riƙa gani dishi-dishi. Ga tsofaffi akwai fargabar rikicewar tunani da mantuwa, musamman da oxybutynin. Suna kuma rage zufa, wanda a ƙasar zafi ba abin wasa ba ne. Ka ɗauki mai azumi a watan zafi ka ba shi ƙwayar da ke mayar da bakinsa kamar ya tauna gari, kwana nawa zai jure? Shi ya sa binciken da aka yi a Turai da Amurka yake nuna mafi yawan waɗanda aka ɗora a kansu suna ajiye su kafin shekara ta cika.

Akwai sabon jinsi, mirabegron, wanda Amurka ta amince da shi a 2012. Bai cika busar da baki ba, sai dai yana iya ɗaga jini, ga tsada. Idan ƙwayoyi sun gaza, akwai allurar Botox da ake yi a bangon mafitsara, wadda aka amince da ita don wannan larura a 2013. Tana aiki, amma bayan wata shida ko makamancin haka sai an maimaita, kuma wasu fitsarin yakan ƙi fita gaba ɗaya na ɗan lokaci har sai sun riƙa sa roba. Akwai motsa jijiyar idon sawu da lantarki, mako-mako har sau 12. Akwai na'urar da ake dasawa a ƙasan baya. Ga mutumin ƙauye da ke biyan kuɗin magani daga aljihunsa, wanda sai ya yi tafiyar yini kafin ya ga likitan mafitsara a asibitin koyarwa na Kano ko Shika ko Sakkwato, waɗannan linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza.

To amma nan ne abin ke ba ni takaici. Duk waɗannan matakai na biyu da na uku ne. Matakin farko da ƙwararru suka yi ittifaƙi a kansa ba ƙwaya ba ne, horo ne.

Ana farawa da takarda da biro. Kwana uku mutum ya rubuta abin da ya sha, da lokacin, da sau nawa ya zagaya, da sanda ya zubo. Wanda bai iya rubutu ba jikansa ya rubuta masa. Daga nan ake gano ɓarawon. Sau da yawa shayi ne, kofi uku kafin azahar. Ko lemon kwalba mai baƙi. Ko kuwa goro. Mun manta goro yana ɗauke da sinadarin nan na kafeyin da ke cikin kofi da shayi, wanda ke ƙara fitsari yana kuma zaburar da mafitsara. Dattijon da ke tauna goro daga safe har dare, ya rufe da shayi mai kauri bayan isha'i, sannan ya sha ruwa kofi biyu zai kwanta, ina zai ga barci? A rage waɗannan, a rarraba shan ruwa cikin yini, a tsagaita awa biyu kafin kwanciya.

Sai horar da mafitsarar kanta. Idan matsuwa ta taso, maimakon a ruga, a tsaya cak ko a zauna, a matse tsokar ƙasan mara kamar mai riƙe tusa, a saki, a sake matsewa, a ja numfashi. Matsuwar takan lafa kamar yadda ta taso, sannan a tafi a hankali. Wanda ke zagayawa duk bayan awa ɗaya ya ƙara minti 15, ya riƙe haka mako guda, ya sake ƙarawa, har a kai awa uku ko huɗu. Ana ba shi aƙalla mako shida kafin a yanke hukunci. Motsa tsokar ƙasan mara kuwa, wanda likita Arnold Kegel ya bayyana tun 1948, ana yin sa a zaune ko a kwance, ba mai sanin kana yi, sai dai yana son naci na wata uku. Mai ƙiba ya rage, mai taurin bahaya ya gyara cikinsa da ganye da ruwa.

Ba kowa ne zai warke sarai da wannan ba, wasu dole sai an haɗa da ƙwaya. Baffana ya bar goron dare da shayin isha'i, aka duba furostet ɗinsa aka ɗora shi a kan magani, tashin dare ya dawo sau biyu. Bai koma kamar saurayi ba. Amma ya koma sahun farko.

Wace na'ura ake buƙata kafin a koyar da wannan? Ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi za ta iya cikin minti goma. Ungozoma za ta iya ranar awo da ranar riga-kafi, inda mata ke cika benci suna jira. Masu shirin lafiya a rediyo za su iya. Abin da ya rage shi ne a yi tambayar. Majinyaci ba zai fara ba, kunya ba za ta bar shi ba, musamman dattijuwa a gaban likita namiji sa'an jikanta. Ma'aikacin lafiya ne zai ce, "Iya, fitsari yana matsa miki har ya zubo kafin ki kai bayi?" A sa wannan tambaya cikin waɗanda ake yi wa duk mai zuwa awon hawan jini da suga, tunda dama su ne suka fi fama.

Direban nan kuma, da na huce na yi masa uzuri. Hanyar Kaduna zuwa Abuja ba wurin tsayuwa barkatai ba ce, kowa ya san abin da aka sha a kanta. Rayukan mutum bakwai ne a hannunsa. Laifin da na gani na tsarin ne: tafiyar awa shida ko fiye, babu tsayayyun wuraren da aka san mota za ta tsaya, masu tsaro da bayi mai ƙofa da ruwa. Namiji ya juya baya a gindin bishiya, mace fa? Ƙungiyoyin direbobi suna karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta tashi. Gidajen mai suna da bayi, amma sau da yawa a kulle, makulli yana aljihun wani da ya tafi cin abinci. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kawo ƙarshen bahaya a fili, aka yi ta maganar gina bayi a kasuwanni da tashoshi. Ga mai wannan larura, bayin kasuwa da na tasha da na masallaci ɓangare ne na magani, domin shi ke yanke hukuncin ko zai fita daga gida ko zai zauna.

Kafin mu rabu a Zuba na karɓi wayar 'yar Iya na rubuta mata abin da za ta faɗa a asibiti, don kada kunya ta sa ta koma cewa sanyi: fitsari yana matsa mata farat ɗaya, tana zagayawa fiye da sau goma a yini, tana tashi cikin dare, yana zubowa kafin ta kai, shekara shida ke nan. Na ce su nemi gwajin fitsari da na suga, su tafi da duk ƙwayoyin da take sha a leda. Iya tana jin mu. Da na gama sai ta miƙo hannu ta karɓi ruwan ledar da ta ƙi tun safe, ta fasa, ta shanye shi tas.